Yaya Ya Gyara Bawul na Tsakiya

Ranar Talata ce, ana ruwa tun hantsi, irin ruwan nan da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Muna fake a ƙarƙashin benen 'yan kallo na filin ƙwallo, inda mabusan ƙungiyarmu suke da ɗan ɗaki. Ruwa yana ɗiga daga tsagin siminti cikin wani tsohon bokitin fenti. Saje ya buɗe kabad ɗin ƙarfe ya fito da akwatuna biyu.

Saje shi ne shugaban mabusa. Tsohon soja ne, a can ma busa ya yi har ya ajiye kaki, kuma har yau in zai ce ka matsa sai ka ji kamar fareti ake yi. Mu biyu ya kira, ni da Dogo. Mai busa ƙaho na uku ya sami aiki a wani gari ya tafi, gurbi ɗaya ya buɗe. Ni da Dogo mun daɗe muna koyo a ɗakin nan, amma ba a taɓa barinmu mun fita da ƙaho ko bakin ƙofa ba.

"Ku tafi da su gida," in ji Saje. "Asabar akwai wasa. Ku biyu za ku hau sama ku busa tare da mu, daga fitowar 'yan wasa har a tashi. Wanda kunnena ya zaɓa shi ke da gurbin. Ɗayan ya dawo mini da kayana."

Na buɗe nawa akwatin. Ƙahon tagulla ne mai maɓallai uku, wanda Saje yake kira turamfet. Ƙyallinsa ya koɗe a inda hannu yake riƙewa. A idona kuwa babu abin da ya kai shi kyau a garin nan.

Saje ya karɓe shi daga hannuna. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai bawul, ɗan ƙarfen da yake hawa da sauka yana juya iska. A gefen kowane bawul kuma akwai ɗan lanƙwasasshen bututu da ake iya zarewa. Ya kama na tsakiya ya fizge ba tare da ya danna maɓalli ba. Abin ya ce fof, kamar an buɗe kwalba.

"Kun ji? Ƙahon da yake riƙe iskarsa ke nan. Ranar Asabar, kafin mutum ya sa baki, sai na ja na ji. In ban ji ba, ya sauka ya zauna cikin 'yan kallo. Ku wanke, ku sa mai. Man bawul na ce. Ba na girki ba, ba na gashi ba."

Dogo ya tsaya jiran ruwa ya ɗauke. Ni na cusa akwatin cikin riga na zuba a guje.

Na tarar da Inna a kan keken ɗinkinta a falo, ƙafa tana aiki, allura tana cin wani shuɗin yadi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi ruwan da nake zubarwa a kan ledar ɗaki.

"Auta, wannan kuma wace sana'a ce ta shigo mana da ruwa?"

"Inna, ƙaho ne! An ba ni! Asabar zan busa a fili, gaban kowa da kowa."

"Makaranta ka ce benci yana cizonka. Garejin yayanka ka ce baƙin mai yana sa ka atishawa. Shi wannan me zai yi maka nan da wata?"

"Wannan ni nake bin sa, Inna. Ba wanda ya tura ni."

"To Allah ya sa. Ɗauko tsumma ka goge mini ɗaki."

Yaya ya dawo da yamma ya ga akwatin a kan gadona, ya wuce abinsa. Tun da na bar masa gareji maganarmu ba ta wuce ina makulli da rufe ƙofa.

Washegari na tafi kantin kayan kiɗa da ke bayan tashar mota. Mai kantin wata mata ce mai yawan dariya. Ta jera mini 'yan kwalabe uku a kan gilashi.

"Wanne ya fi gudu?" na ce.

"Ba tseren babur ba ne, ƙanena. Ƙahon naka fa, yaya bawul ɗinsa?"

Ta karkata kwalaben ɗaya bayan ɗaya in gani. Na farko ya gangara kamar ruwa. Na biyu ya ɗan yi jinkiri. Na uku yana bin gilashin a hankali kamar mai jin barci. Ta ce bawul ɗin da yake zaune cif a gidansa mai ruwa-ruwa yake so, don babu wurin da mai kauri zai shiga. Wanda ya cinye ya yi sako-sako shi ke son mai kauri, ya cike masa tazarar da iska take bi ta gudu. Na buɗe mata akwatin ƙahon, ta sa na kwance murfin kowane bawul na girgiza shi gefe da gefe. Ko motsi ba su yi ba.

"Jikinsa ne ya tsufa, cikinsa yaro ne," ta ce. "Ɗauki na farko. Ka goge tsohon man tas kafin ka sa, kada ka haɗa biyu su yi maka danƙo."

A gida na cika bahon wanki da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu. Na zare bututai, na jera bawul uku a kan tawul, kowanne da lambarsa a jiki don kada a musanya musu gida. Abin da ya fito daga cikin ƙahon nan ba zan faɗa ba, kore ne dai. Na shanya, na goge, na ɗiga mai, na mayar. Sannan na hau saman tankin ruwa na bayan gida na busa.

Wayyo daɗi! Sautin ya tafi ya bugi bangon makarantar da ke tsallaken titi ya dawo mini. Tattabarun maƙwabcinmu suka tashi gaba ɗaya. Shi kansa maƙwabcin ya leƙo ta katanga ya ce in ba yaƙi aka fara ba in sauko. Ban sauko ba. Na busa har leɓena ya kumbura, na shiga na sha ruwa na koma.

Ranar Alhamis bawul na tsakiya ya fara yi mini gardama. Akwai waƙar da muke busawa in an ci ƙwallo, tana da wani wuri mai gudu inda yatsan tsakiya ya fi kowa aiki. Nan ne yake cijewa. In na danna ya sauka, sai ya taso a hankali kamar tsoho daga tabarma. Ba kullum ba. Sau da yawa ya wuce lafiya, sai can ya riƙe. Na ƙara mai. Na sake wankewa. Na goge shi har ina ganin fuskata a jiki. Ya ci gaba da halinsa.

Juma'a da rana Yaya ya shigo cin abinci ya same ni a tsakar gida ina ɗago maɓallin da farce. Ya tsaya da kwano a hannu yana kallo.

"Miƙo nan."

Na miƙa. Ya danna, ya saki. Ya danna, ya saki. Ya kwance murfin ya zaro abin ya ɗaga shi sama yana juyawa a hasken rana.

"Me ake ce wa wannan?"

"Bawul."

"Bawul?" Ya ajiye kwanon. "Ashe wannan ma bawul gare shi?"

"Har uku."

"To kai da ka kwana biyu kana fama, gidan nan babu makanike ne? Tashi mu je."

Ban san lokacin da na haye bayan babur ɗinsa ba. Yaya ne yake riƙe da ƙahona. Yaya ne yake tambayata ina iskar take shiga, ina take fita, yana gyaɗa kai. Duk hanya bakina bai rufu ba, ina ba shi labarin Saje da Dogo da waƙar cin ƙwallo, har na rera masa ita a kunne.

A gareji ya share kan teburinsa da gefen hannu, ya shimfiɗa sabon tsumma, abin da ban taɓa gani ya yi wa injin kowa ba. Ya ɗauko wani ɗan gwangwani mai baƙin kwaɓi a ciki, mai yashi-yashi in ka murza a yatsa. Na san shi. Da shi suke gurza bawul ɗin inji in ya ƙi zama daidai.

"Yaya, ba zai yi masa yawa ba?"

"Na laushin zan sa. Ƙarfe ne da ƙarfe suke faɗa, sulhu za mu yi musu."

Ya shafa, ya zura bawul ɗin a gidansa, ya kama kan da tafin hannu biyu yana murzawa, hagu dama, sama ƙasa. Wani ruwa mai launin toka ya fara fitowa. Ya goge, ya ƙara kwaɓi, ya sake. Yana yi yana waƙa ta hanci. Da ya gama ya wanke da kananzir, ni na bi da sabulu, na ɗiga man kwalbata.

Na danna. Bawul ɗin ya sauka ya dawo kafin in ɗaga yatsa. Na sake, na sake, yatsana yana rawa a kai kamar ba a taɓa komai ba. Na yi tsalle na rungume Yaya, baƙin man rigarsa ya shafe mini tawa, ban damu ba. Na busa nan cikin gareji, janareton maƙwabta yana ruri, mai faci yana buga guduma, sai na ji duniya ta yi daidai.

Sai da na koma gida na rufe ƙofar ɗaki, inda babu ƙara, na ji abin da ban ji ba a can. Sautin ya yi laushi. In na danna na tsakiya kuwa sai ya fito kamar mai mura yana magana, ga wani ɗan huci a ƙarƙashinsa. Na fizge bututun bawul na farko, fof. Na uku, fof. Na kama na tsakiya na fizge.

Ya fito salin-alin, kamar an zare cokali daga kofi.

Na zaro bawul ɗin na duba a bakin taga. Farar fatar da ke jikinsa ta goge a wurare, rawayan tagulla ya leƙo. Na mayar na girgiza. Yana rawa.

Yaya ya dawo kafin faɗuwar rana yana murmushi tun daga ƙofa. Na nuna masa. Ya ja bututun da kansa, ya kasa kunne, ya sake ja. Ya zauna a bakin gadona.

"A inji in ka gurza, zama yake yi daram," ya ce a hankali. Ya zura abin ya zaro, ya sake. Sai ya dafe goshi. "Kai! Bawul ɗin inji zama yake yi a kan kujerarsa. Wannan hawa da sauka yake yi a cikin gida, kamar fistan ɗin babur. Sunansa ne kawai bawul. Auta, fistan na gurza maka."

"To in fistan ya yi sako-sako me kuke yi?"

"Mu zuba mai mai kauri, mu ce wa mai babur ya yi maza ya sayar."

Ba dariya ya so in yi ba, amma ni na miƙe tsaye. Kwalba ta uku! Muka sake hawa babur, Yaya yana ratsa motoci kamar an biyo mu. Muka tarar da kantin a kulle. Mai sayar da takalma na kusa ya ce ta tafi biki, sai Litinin.

A gida Yaya ya ce a gwada man inji, ɗigo ɗaya. Muka gwada. Bawul ɗin ya sauka ya yi zamansa a ƙasa, sai da na jawo shi. Na sake haɗa ruwan ɗumi na wanke. Inna tana kallonmu daga kan kekenta, ta ce, "Garin gyaran gira dai."

Asabar da safe gari ya waye tas, rana ta fito da ƙarfinta. Ina zaune a tsakar gida da ƙaho a cinya, na rasa abin yi, sai Inna ta zo ta ajiye wani abu kusa da ƙafata. 'Yar butar man kekenta ce, ta ƙarfe, mai dogon hanci.

"Ya fi naka kauri, bai kai na yayanka ba. Kekena ya girme ka, da shi yake tafiya. Ka dawo mini da ita."

Na goge bawul ɗin, na ɗiga, na juya shi man ya bi ko'ina, na mayar. Na danna. Ya ɗan yi nauyi, amma yana dawowa. Yaya ya fito da buroshi a baki ya tsaya a kaina. Na kama bututun na rufe ido na fizge.

Fof.

Yaya ya yi ihu kumfa tana fita daga bakinsa. Na busa waƙar cin ƙwallo daga farko har ƙarshe, wurin gudun ya wuce sumul, hucin ya ɓace. Inna ta toshe kunne tana dariya. Yaya ya ce yau gareji ba zai buɗu ba, duk mai babur ya tura abinsa. Ya jefa butar man a aljihu ya ce shi ne makaniken ƙaho, yana nan kusa in an buƙace shi.

A fili mutane sun cika har kan katanga. Mabusa suna da wurinsu a can sama, bayan raga, babu rumfa. Saje ya bi layi yana jan bututu. Na Dogo, fof. Ya zo kaina. Ya ja nawa. Fof.

Zai miƙo mini sai ya tsaya, ya kai ƙahon hanci.

"Me nake ji kamar shagon tela?"

"Man keken Inna ne, ranka ya daɗe."

"Ƙahon nan bai taɓa neman mai kauri ba. Me ya same shi?"

Kafin in buɗe baki fili ya ɗauki ihu, 'yan wasa sun fito. Saje ya danna mini ƙahon a ƙirji ya ɗaga sandarsa.

Abin da ya biyo baya, ban taɓa jin irinsa ba. Ganguna a bayana suna dukan ƙashin bayana, mutane suna amsa duk abin da muka busa. Dogo yana busa daidai, ba ya kuskure, ba ya kuma tashi sama. Ni kuwa na hau. In Saje ya nuna ni da sanda sai in ɗauki waƙar in kai ta can ƙoli, 'yan kallo su juyo suna nuna ni. Na hango Yaya a ƙasa da mu kaɗan, ya cire hula yana kaɗawa, yana gaya wa na kusa da shi wani abu yana dukan ƙirji.

Rana tana dukan tagulla har yana ƙona hannu. Wajen hutun rabin lokaci na fara jin hucin nan, kaɗan, a ƙarƙashin sauti. Zafi ya tsinka man, tururin bakina yana wanke shi. Na ce in an tafi hutu zan sauka wurin Yaya in ƙara. Ban sani ba, ashe mabusa ba su da hutu. Lokacin ne ma fili yake saurarenmu, Saje ya jera waƙa bayan waƙa bai sauke sanda ba.

Da aka dawo wasa na samu na ɗaga wa Yaya ƙahon ina nuna masa bawul. Ya gane. Ya yi ƙoƙarin hawowa, mutane sun cushe matakala, ba hanya. Ya zaro butar ya nuna mini, ya auna, ya jefo. Ta zo daidai, na miƙa hannu, sai mai babbar ganga ya ɗaga sandarsa ya doke ta a sama. Ta faɗi tana gangara matakala.

A daidai nan ƙwallo ta shiga raga.

Fili ya tashi tsaye. Na ga butar ta ɓace ƙarƙashin ƙafafu. Saje ya juyo ya nuna ni da sanda, ni kaɗai, in buɗe waƙar. Na cika ƙirji. Sautin farko ya fita. Na biyu na bawul na tsakiya ne. Na danna, na tura duk iskar da nake da ita, abin da ya fito fuuu ne da ɗan kuka a ƙarshensa. Na sake, ya sake. Dogo bai jira an nuna shi ba, ya ɗauki waƙar daga inda ta faɗi, sauran suka bi shi. Na tsaya da ƙaho a baki ina motsa yatsu har aka tashi.

A ɗakin ƙarƙashin bene Saje ya ja bututun. Shiru. Ya zaro bawul ɗin ya dubi rawayan da ke jikinsa ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe." Yaya ne a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Sana'arka?"

"Makanike."

"Na gani." Saje ya mayar da bawul ɗin ya ɗaure murfi. Ya dube ni. "Kafin hutu ba wanda ya kama ƙafarka a layin nan, har da tsofaffin. Amma kai na ba riƙo, ka miƙa wa wani. Dogo, gurbin naka ne."

"Zan iya ci gaba da zuwa koyo?" na ce.

"Ƙofa a buɗe take. Kabad ne a rufe."

Yaya ya matso yana murza hula. "In za ka ba ni shi kwana biyu, akwai wani mai walda da na sani, hannunsa..."

Saje ya rungume akwatin da hannu biyu ya juya masa baya.

Muka fito cikin masu murna, ƙungiyarmu ta ci wasa. Yaya ya koma matakala ya dudduba ya samo butar Inna, an taka ta ta baje kamar murfin gwangwani, hancin ya karye. Ya sa a aljihu. A kan babur, da muka kusa gida, ya ce shi zai fara shiga ya gaya wa Inna.

Abin da aka rasa dai ga shi: bawul ɗaya cikin uku, butar man Inna, wunin aikin Yaya guda, da gurbi ɗaya.